Ƙwayoyin Maniyyi Suna da Yawa, Amma Ba Sa Motsi

Tambaya: Likita, shekarata 6 da aure ba mu samu haihuwa ba, kuma an auna iyalina an ce lafiyarta ƙalau. Da aka gwada maniyyina sai aka ce ƙwayoyin suna da yawa, amma ba sa motsi. Tun ina yaro nake fama da tari da majina marar yankewa. Ko maganin ƙarfin maza zai taimaka? Daga wani magidanci, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Malam, Allah Ya saka maka da alheri da ka yarda aka auna ka, domin sau da yawa mace kaɗai ake ɗora wa nauyin rashin haihuwa. Tarin nan da ka ambata shi ya fi jan hankalina.

Idan aka duba ƙwayar maniyyi da madubin likita, za a ga ɗan kai da doguwar wutsiya tana kaɗawa kamar ta talibambam. A cikin wutsiyar akwai zaruruwa guda 9 masu bibbiyu da suka kewaye wasu 2 a tsakiya, kuma wani furotin mai suna dainin ne yake jan su har wutsiyar ta lanƙwasa. Irin wannan ginin ne da ƙananan gasun da suke share majina daga hanci da huhu, shi ya sa idan aka haifi mutum da naƙasar dainin sai abubuwan biyu su haɗu masa: ƙirji ba ya washewa, maniyyi kuma ba ya tafiya. Masanin ƙasar Suwidin, Björn Afzelius, shi ne ya bayyana wannan alaƙa a 1976. Gadon ciwon ake yi daga uwa da uba duka, kuma kusan rabin masu shi zuciyarsu tana ɓangaren dama.

Ban yanke cewa shi ke damun ka ba, domin zazzaɓi mai zafi ma yakan raunana maniyyi na ɗan lokaci. Ƙwayar tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta kammala, don haka ka sake gwajin bayan wata 3. Maganin ƙarfin maza kuwa ba ya gyara wutsiya, kuɗinka kawai zai ci, kuma matsalar ba ta nufin raunin mazakuta.

Ƙwayar da ba ta motsi tana iya kasancewa da rai, kuma tun 1992 likitoci ke ɗaukar guda ɗaya da siririyar allura su sa ta cikin ƙwan mace. Ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ka nemi a duba ko ƙwayoyin suna da rai, a ɗauki hoton ƙirjinka, kuma ka gaya wa likitan tarihin tarin nan tun daga yarinta.