Kwana shida a Alƙahira da yara 'yan shekara 9 zuwa 12

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarki, cewa ke da maigidan za ku kai yaranku uku Alƙahira a hutun Disamba, kwana shida, babban yana da shekara 12 ƙaramar kuma 9, kina tsoron kada tafiyar ta ƙare a yawon kantuna da zaman otal kowa na danna waya. Na bari sai da na samu natsuwa kafin in amsa, don mun yi irin wannan tafiyar a Disambar 2023 da namu biyu, namiji ɗan shekara 12 da ƙanwarsa mai 10.

Wurare goma sha huɗun nan da kika jero, don Allah ki soke rabinsu. Mu ma da irin wannan jerin muka sauka. Washegarin isarmu muka yi sammako zuwa dalolin Giza, daga can muka wuce gidan tarihi na dandalin Tahrir, da niyyar mu ƙarasa kasuwar Khan Khalili da yamma. Wajen ƙarfe biyu na waiwaya na ga yaron ya zauna dirshan a ƙasa, ya jingina da bango, ya ce, “Umma, duk duwatsu ne fa.” Ran Abbansu ya ɓaci saboda kuɗin tikitin da aka kashe, yarinyar ta fara hawaye ƙafarta na ciwo, muka koma masauki ba mai yi wa wani magana. A daren muka zauna ni da shi muka sake tsari: wuri babba guda ɗaya kowace rana, da safe, a dawo a ci abinci a yi azahar a kwanta, da la'asar a fita wani abu mara nauyi. Daga ranar ba mu ƙara samun matsala ba.

Yaro mai waɗannan shekarun ya wuce a ja shi a hannu ya bi ba musu, bai kuma kai ya tsaya yana karanta rubutun jikin gilashi ba. Yana son abin da zai hau, ko ya shiga, ko ya yi cinikinsa da bakinsa. Sai labari, amma labarin da yake da mutum a ciki. Gidan tarihin da ɗana ya kira duwatsu mun sake komawa bayan kwana uku, shi da kansa ya nema, saboda kafin nan na ba su labarin Tutankamun: yaro ne da ya hau sarautar Masar yana da shekara tara ko kusa da haka, ya mutu bai kai ashirin ba, kabarinsa ya ɓuya fiye da shekara dubu uku sai a 1922 aka tono shi da kayansa kusan duka. Da ƙanwar ta ji ya ma fi ta ƙanƙanta lokacin da ya zama sarki, sai tambayoyi suka ɓarke. Wa yake yi masa faɗa? Yana zuwa makaranta? Awa ɗaya da rabi muka yi, kayansa kawai muka nema, muka fito suna so a ƙara. Ku yanzu ba Tahrir za ku same su ba, an kwashe su zuwa sabon babban gidan tarihin da ke kusa da dalolin, wanda aka buɗe a Nuwambar 2025. Ƙaton wuri ne, ki ware masa safiyarsa daban, kada ki haɗa shi da dalolin a rana ɗaya don kin ga suna maƙwabtaka.

Dalolin kuwa ku je da zarar an buɗe ƙofa. Babbar, ta sarki Khufu, ta kai shekara 4,500, tsayinta na asali wajen mita 146. Ni abin da ya taimake ni wajen yi musu bayani hoton dalar gyaɗa ta Kano da suka sani a littafin makaranta: na ce su ɗauka kowane buhu dutse ne da ya fi motar gidanmu nauyi. Shiga ciki tikitinsa daban, kuma hanyar matsattsiya ce, a sunkuye ake hawa wani sashe, ga zafi ga ƙarancin iska. In akwai mai asma ko mai tsoron ƙuntataccen wuri a cikinsu, ya tsaya waje tare da ke. Abbansu ya shiga da yaron. Ya fito jiƙe da gumi yana cewa ba komai a ciki sai wani akwatin dutse wayam, amma har yau in baƙi suka zo gidanmu labarin da yake fara bayarwa ke nan.

Ki kula da masu raƙuma da dawaki a wurin. Wani ya ɗora 'yata a kan raƙumi a kan kuɗin da muka ji kamar mun daidaita, da aka zo sauka ya ce wannan na hawa ne, na zagayawa daban. Yarinya tana sama tana kallonmu, dole muka biya. Ku yanke magana tun ƙafar yaro tana ƙasa: nawa ne kowane mutum, zuwa ina, har da dawowa, kuma da fam ɗin Masar. In ba kwa so, “la, shukran” sau ɗaya ya isa, ku ci gaba da tafiya.

Wurin da ya fi taɓa mu duka shi ne gidan tarihin da ke Fusɗaɗ, inda aka mayar da gawarwakin sarakunan Masar 22 a Afrilun 2021. Ɗakin yana ƙasa, ba haske sosai, shiru kamar gidan makoki, ba a ɗaukar hoto. Ki gaya musu tun a mota cewa gawa za su gani ta gaske, da gashi da haƙora da farce, don 'yar shekara tara za ta iya razana. Kuma ki shirya wa tambayar da babu makawa sai sun yi: wanne ne Fir'aunan Annabi Musa? Ni na faɗa musu gaskiya, Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba, wasu masana suna cewa Ramsis na biyu ne, wasu suna cewa ɗansa Marnabta, kuma su biyun suna cikin waɗanda aka kai can. Kada ki bari wani ɗan rakiya ya nuna musu guda ya rantse shi ne. Da muka fito ɗana ya daɗe bai ce uffan ba, can ya ce, “Umma, ashe Fir'auna ɗan ƙaramin mutum ne haka.” Ita kuma hankalinta na kan Hatshafsut, macen da ta mulki Masar, tana ta gwada ta da Sarauniya Amina. Masallacin Amru bin Asi, na farko da aka gina a ƙasar, yana nan kusa in kuna da sauran ƙarfi.

A tsohon gari, masallatai sun fi a ƙirga, kuma in kika bi su ɗaya bayan ɗaya duk za su zama iri ɗaya a idon yara. Zaɓi biyu. Mu mun ɗauki na Ibn Ɗulun, wanda aka gama a shekarar 879, saboda matakalar hasumiyarsa ta waje take, tana nannaɗe da ginin. In kun tarar a buɗe ku hau, amma ki riƙe hannun ƙaramar. Daga sama suka riƙa gasar ƙirga hasumiyoyi har suka rikice. Na biyu Azhar, ranar Juma'a. Safiyar Juma'a ce kaɗai za ki ga titunan Alƙahira sun yi sauƙi, sai ku fita da wuri ku samu wuri. A tsakar masallacin Abbansu ya ba su labarin cewa tun ɗaruruwan shekaru ɗaliban Borno suna da ɓangarensu a nan, kuma Mansa Musa ya yada zango a wannan birni a 1324 kan hanyarsa ta hajji. Ba mu fito ba sai da muka ji Hausa a bayanmu, wasu ɗalibai 'yan Nijar ne, suka tsaya suka gaisa da yaran. Wannan gaisuwar ta fi duk bayanin da muka yi tasiri.

Khan Khalili tana tsallaken titi daga Azhar. Ki ba kowane yaro kuɗinsa a hannu, ki ce tsarabar abokansa ce, shi zai yi ciniki, in ya ƙare ya ƙare. Ki tuna musu lambobin Larabci da ke ƙarshen ayoyi a Mus'hafi, su ne a jikin kaya da kuɗi da lambar mota: biyar kamar sifili take, sifili kuma ɗigo ne. Nan Islamiyya ta yi rana. 'Yata ce ta zama mai karanta mana lambar motar Uber duk sauran kwanakin, ba ta yarda kowa ya riga ta. “Bikam da?” wato nawa ne wannan, ita ce kalmar da za su fi amfani da ita.

Abinci bai ba mu wahala ba. Koshari shinkafa ce da taliya da wani ƙaramin wake, da miyar tumatir da soyayyar albasa, ɗan'uwan garau-garau ne, yara suna ci ba gardama. Ɗa'amiyya kamar ƙosai take. Ruwan rake ana matse shi a gabanki. Ki tafi da yajinki, kuma ruwan gora kawai za ku sha. In da hali ku kama gida mai kicin maimakon ɗakuna biyu a otal, a tsakiyar gari ko unguwar Dokki. A unguwar Madinatu Nasar akwai 'yan gida da yawa, amma ta yi nisa da Giza, cunkoso zai cinye muku safiya.

Fitar la'asar ba ta son tsari mai yawa. Sau biyu muka hau kwalekwale mai filafilai a kogin Nilu, sau ɗaya muka je lambun Azhar suka yi ta gudu a ciyawa. Ki sani a Disamba wajen ƙarfe biyar rana ta faɗi, kuma sanyin dare ya kai na tsakiyar hunturu, musamman a kan ruwa, don haka rigunan sanyi da safa su shiga jaka tun daga gida. Tsallaka titi kuma kada ki bar ma babban shi kaɗai, ku raɓu da 'yan gari ku tsallaka tare da su.

Sai takardu. Ku nemi biza da wuri, ku duba fasfon kowane yaro kada ya kusa ƙarewa, ku riƙe katin rigakafin shawara na kowa. Manyan wuraren tarihi da kati ake sayen tikitinsu, ba sa karɓar tsabar kuɗi, saboda haka maigidan ya tabbatar katinsa yana aiki a ƙasar waje kafin ku tashi. Akwai rangwamen ɗalibai, ku tafi da katin makarantar yaran. In kin sake jerin ki turo shi nan, da ranar da za ku sauka, in taya ki duba wace rana ce ta faɗo Juma'a mu ɗora sauran a kanta. Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya.