Mota ta danne masa ƙirji, me ya kawo jini a ido?

Tambaya: Likita barka da aiki. Ƙanena bakanike ne, yana kwance ƙarƙashin mota jak ya zame ta danne masa ƙirji kafin a taru a ɗaga. Haƙarƙari biyu sun karye, amma idonsa ne ya fi tsorata mu, farin ya koma jajawur kamar garwashi, fuska ta kumbura ta yi duhu, alhali ko ƙwarzane babu a kansa. Zai makance ne?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Abin da ya faru shi ne, mutum in ya ga abu zai faɗo masa yakan ja numfashi ya riƙe, to da nauyin ya matse ƙirjin sai jinin da ke gangarowa zuciya daga kai da wuya ya koma sama da ƙarfi, ƙananan jijiyoyin fuska da na ido su fashe. Tun 1837 wani likitan Faransa, Ollivier, ya bayyana wannan a jikin mutanen da turmutsitsi ya danne a Paris.

Jan nan da ya firgita ku shi ne mai sauƙin, jini ne ya kwanta ƙarƙashin fatar farin ido, zai washe da kansa cikin sati biyu zuwa uku, wani lokacin ya ɗan wuce haka.

Ni damuwata can bayan ido take, wurin da hoto ke sauka, wanda ba za ku gani da idonku ba. Ƙananan jijiyoyin wurin kan toshe ko su zubar da jini, mutum ya fara gani dishi-dishi ko wani ɓangare ya yi duhu, kuma ba lallai nan take ba, yana iya kai kwana ɗaya ko biyu. Likitan ido ɗan Ostiriya, Purtscher, shi ya fara rubuta shi a 1910. Da yawa ganinsu na dawowa cikin wata ɗaya zuwa uku, wasu kuwa ba ya dawowa duka, gaskiya kenan.

Yanzu dai numfashi ne a gaba, a bar likitocinsa su gama da ƙirjin, a ɗaga masa kan gado. Amma ku roƙa likitan ido ya zo ya ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido ya leƙa ciki tun yana kwance. Ku kuma a rufe ido ɗaya a gwada ɗayan kullum, in gani ya ragu ko yana ganin abu biyu-biyu ku faɗa nan take. Don Allah banda kwalli, banda nonon mai jego, banda maganin ɗigawa na kemis.