Gidan Hotoro da sunanki yake, harajinsa ma yana wuyanki

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta rubuto mini daga Manchesta. Ta je Ingila ne a ƙarshen 2021, kuma da kuɗin aikin dare ta gina gida mai sashe biyu a Hotoro, cikin Kano. An zuba 'yan haya a 2024, kowane sashe naira miliyan ɗaya da rabi a shekara. Yayanta ne yake karɓar kuɗin, yana cewa a hidimar Hajiyarsu da gyaran gidan suke tafiya. "Ko kwabo ban taɓa gani ba," in ji ta, "amma sau uku ke nan yana neman in turo kuɗin gyaran rufi, yanzu miliyan biyu da rabi yake so. Da na ce a turo mini rasit sai Hajiya ta yi fushi, wai na zama Baturiya, na fara lissafi da 'yan'uwana." Ana cikin haka wani mutum a zauren WhatsApp na 'yan gida ya ce zai karɓo mata fam 4,000 daga hukumar haraji, wai kuɗin da take aikawa gida da na gyaran rufin duk ana mayar da harajinsu. Lambar sirrinta yake so, da kashi ɗaya cikin uku na abin da ya fito. Ga shi kuma ta kusa neman takardar zama ta dindindin. Tana tambaya: ta ba shi, ko da rufin zai samu kuɗi ta huta da surutu?

'Yar'uwa, kada ki ba shi. In kin riga kin tura masa wani abu, ki shiga shafin Government Gateway, inda ake shiga asusun haraji ta intanet, yau ɗin nan ki canza lambar sirrin kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa.

Babu inda dokar harajin Ingila ta ce a mayar wa ma'aikaci harajin kuɗin da ya aika wa iyayensa. Ladan wannan yana wurin Allah, ba wurin HMRC, hukumar harajin Ingila, ba. Gyaran gidan da ke Kano kuwa ba a cire shi daga albashin da kike karɓa a asibiti. Abin da irin waɗannan mutane suke yi na sani, don na gani ba sau ɗaya ba. Sukan shiga da sunanki su cika fom ɗin Self Assessment, wanda mutum ke bayyana kuɗin shigarsa da shi, su rubuta cewa kin kashe dubban fam wajen tafiye-tafiyen aiki da sayen kayan aiki, alhali ba ki kashe ba. Hukumar takan biya tukuna, bincike ya biyo baya. Kuɗi ya faɗo, ya yanki nasa, ku rabu kuna murna. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ga wasiƙa cikin ambulan mai ruwan ƙasa: a kawo shaidar abin da aka ce an kashe. Akwai wani bawan Allah mai aikin kula da tsofaffi da ya zo mini da irin wannan wasiƙa hannunsa na rawa. An ce ya dawo da kuɗin gaba ɗaya, har da kason da wancan ya ci, ga ruwa ga tara. Ya kira lambar mutumin, a kashe. Hukuma kuma ba ta san wani dillali ba, sunan da ke kan fom shi ta sani. Idan ta ga da gangan aka yi ƙarya, doka ta ba ta damar komawa baya har shekara 20.

Ke kuma lokacin da kike ciki ya fi kowane lokaci haɗari. Ki tuna abin da ya fito fili a 2018, lokacin da aka hana ƙwararrun baƙi da dama, cikinsu har da 'yan Najeriya, takardar zama ta dindindin a ƙarƙashin sakin layi na 322(5) na dokokin shige da fice, saboda abin da suka faɗa wa ma'aikatar cikin gida game da kuɗin shigarsu bai yi daidai da abin da suka faɗa wa hukumar haraji ba. Sai da aka kai ga kotun ɗaukaka ƙara a 2019 kafin wasu su samu sauƙi. In kika zo neman zama 'yar ƙasa ma, ana duba halin mutum, kuma yadda ya yi da haraji yana cikin abin da ake dubawa. Shekara biyar na tsayuwar dare ba abin da za ki jingina a kan fam 4,000 na ƙarya ba ne.

Abin da ya halatta ki nema ɗan kaɗan ne, kuma da kanki za ki nema kyauta. Idan ke kike wanke kayan aikinki, ana yafe wa ma'aikatan jinya haraji a kan fam 125 a shekara, wato fam 25 ke nan a hannu ga mai biyan kashi 20 cikin ɗari. Kuɗin rajistar da kike biyan NMC, hukumar rajistar ma'aikatan jinya, shi ma yana shiga. Ana iya komawa baya shekara huɗu. 

Yanzu ga abin da ba ki tambaya ba, wanda shi ya fi damuna. Wancan mutumin ya ce miki hukuma ce take riƙe da kuɗinki saboda gidan Hotoro. A gaskiya ke ce za ki bayyana mata kuɗin hayar gidan. Wanda yake zaune a Ingila ana lissafa masa kuɗin shigarsa na ko'ina a duniya, kuma haraji yana hawa kan wanda yake da haƙƙin kuɗin haya, ko ya shiga hannunsa ko bai shiga ba. Cewa Yaya ne ya karɓa ba ya sauke miki nauyin. A da akwai sassauci ga irinki: idan abin da mutum ya samu a waje bai kai fam 2,000 ba kuma bai shigo da shi Ingila ba, ba a neman komai. Da alama wannan ya rufa miki asiri a shekarar farko. Amma an soke wannan tsari daga 6 ga Afrilu 2025. Sabon rangwamen da ya maye gurbinsa na shekara huɗun farko ne na zaman mutum, naki kuma sun riga sun wuce.

Kada gabanki ya faɗi, kuɗin ba shi da yawa. Mu ɗauki canji a naira 2,000 kan fam ɗaya don sauƙin lissafi: miliyan uku ta zama fam 1,500. Fam 1,000 na farko na kuɗin haya an yafe shi. Saura 500. Idan albashinki haɗe da wannan 500 ɗin bai haura fam 50,270 ba, harajin fam 100 ne. Na shekarar da ta fara 6 ga Afrilu 2025 ta ƙare 5 ga Afrilu 2026, ana yin rajista kafin 5 ga Oktoba 2026, a cika fom ta intanet a biya kafin 31 ga Janairu 2027. Makara kaɗai tarar fam 100 ce. In kin biya haraji a kan hayar a Najeriya, yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a 1987 ta sa za a rage miki shi a Ingila, ba za ki biya sau biyu ba. Ki sa wani akanta mai rajista a Kano ya duba miki ɓangaren gida, tunda sabuwar dokar harajin Najeriya ta fara aiki a 1 ga Janairu 2026.

Akwai hanya ta biyu, kuma a nan ne maganar rasit ta daina zama rashin kunya. Maimakon rangwamen fam 1,000, kina iya cire ainihin abin da aka kashe wajen gyara daga kuɗin hayar, amma ɗaya ake zaɓa, ba a haɗa biyun. Sauya kwanon da ya ruɓe, gyaran silin, kwashe sokawe, fenti, ladan mai kula da gida, duk suna shiga. Ƙara bene ko fitar da shaguna a jikin katanga ba gyara ba ne, ba ya shiga. To idan da gaske rufin nan ya ci miliyan biyu da rabi a shekara ɗaya, ribar da ta rage ba ta wuce fam 250 ba. Da me za ki nuna haka? Da rasit. Takardar da Hajiya ta ce kada ki nema, ita ce takardar da hukumar ƙasar da kike zaune za ta nema a hannunki.

Zan faɗa miki ra'ayina ba tare da kwana-kwana ba. Gidan da aka gama shekara biyu da suka wuce bai kamata a ce rufinsa ya nemi gyara sau uku ba. Ko dai kafintan farko ya ha'ince ku, ko ana liƙe-liƙe ne maimakon gyara, ko kuma kuɗin wani wuri suke tafiya da sunan rufi. Ban ce Yaya ɓarawo ba ne. Na ga gidaje da yawa inda babban wa yake ɗauke da cefane da kuɗin makaranta da asibiti, kunya ta hana shi cewa ya gaza, sai ya riƙa laƙaba wa rufi laifi don ya san ba za a ƙi ba da kuɗin rufi ba. In haka ne, a taimake shi da sunan taimako. Amma a bar shi yana riƙe da amanar da babu mai tambayarsa, wannan ba rufin asiri ba ne, jefa shi cikin jarraba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, kuma muminai aka yi wa magana, ba baƙi da abokan gaba ba. Wanda ya ce rubutu tsakanin 'yan'uwa ɗabi'ar Turawa ce, to ya manta da abin da ya karanta a allo.

Ina kuma jin zafin yadda ake yi wa 'ya'yanmu mata da ke waje. Mace ta tsaya awa 12 tana juya marasa lafiya, ta fito cikin sanyi ta jira mota, ta hana kanta sutura don ta aza bulo a kan bulo, ranar da ta ce ina lissafi sai a ce ta yi girman kai. Da namiji ne ya gina gidan nan, da wuya a ce masa haka. Biyayya ga Hajiya wajibi ce a kanki, ciyar da ita ma haka in tana da buƙata. Amma biyayya ba ta ce ki saka takardunki a wuta don a rufe bakin masu surutu ba.

Kafin ki tura ko sisi, ki samu wani kafinta ko injiniya wanda ba Yaya ne ya kawo shi ba, ki biya shi ladan dubawa kawai. Ya hau rufin yana nuna miki ta bidiyo, gani ya kori ji. Ya duba ko gara ta ci katako, ko ƙusoshi ne suka saki, ko indararo ne ya toshe ruwa yake komawa ciki. Sau da yawa abin da aka ce sai an kware rufi gaba ɗaya, kwano biyar ne da katako kaɗan. Ya rubuta kayan da ake buƙata da farashinsu, ki biya mai shagon kai tsaye ta banki, ladan aiki kuma rabi a farko rabi in an gama. Ki mai da wannan duba al'ada a watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka, don gyaran da aka yi a tsakiyar Agusta gaggawa ce, gaggawa kuma tsada gare ta. Ki nemi lambar 'yan hayar ma. Su ne suke kwana a ƙarƙashin rufin, su suka san ko yana yoyo.

Sannan ki tabbatar da idonki sunan wa ke kan takardun filin. A turo miki hoton takardar sayen da ta mallaka, in da hali a duba a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Kano, a ga ko ana biyan kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Na taɓa ganin wadda ta yi shekara bakwai tana aika kuɗin gini, sai da ta zo sayarwa ta tarar an yi takardu da sunan ƙaninta "don sauƙin zirga-zirga". In naki ma haka ne, to gidan a idon hukuma ba naki ba ne, kuma wannan shi za ki fara gyarawa.

Idan shekarar haya ta zagayo, a rubuta sabuwar yarjejeniya da sunanki, kuɗi ya riƙa shiga asusunki na banki. Daga ciki ki yanka wa Yaya kashi 10 cikin ɗari a matsayin ladan kula da gida, kamar yadda za ki ba kowane dillali, ki faɗa masa da bakinki cikin girmamawa. Ki yanka wa Hajiya nata na wata-wata, ya riƙa zuwa hannunta kai tsaye ranar da kika sa, ba ya jiran haya ba ya jiran rufi.

Kada ki fara da Yaya, kuma kada ki yi maganar a zauren dangi na waya inda kowa zai sa baki. Ki kira Hajiya ita kaɗai, bayan sallar asuba lokacin da gida yake shiru. Ki ce mata hukumar ƙasar da kike ta ce dole ki kawo lissafin gidan a rubuce, in ba haka ba zai iya shafar takardar zamanki. Ba ƙarya kika yi ba. In akwai kawu ko baffan da take jin maganarsa, ki fara sanar da shi, ya zauna kusa da ita lokacin da za ki kira.