Hukuncin Zuba Kuɗi a Asusun da Ya Haɗa Haɓakar Jari da Kuɗin Shiga

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ba ni shawarar in zuba kuɗina a asusun haɗin gwiwa wanda aka ce jarinsa yana haɓaka, kuma yana raba wa masu shi kuɗi lokaci-lokaci. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Irin wannan asusu yana tara kuɗin mutane da yawa, manaja ya juya su, ya ɗauki ladansa daga cikin dukiyar. Wannan wakilci ne da lada, kuma babu laifi a cikinsa. Haɓakar tana zuwa ne idan darajar hannayen jarin da aka saya ta tashi. Tana kuma iya faɗuwa, kuma wannan kasadar asara tana daga abin da ya sa ribar ta zama halal.

Inda nake so ki tsaya, 'yar'uwa, shi ne kuɗin da ake rabawa. Daga ina suke fitowa? Wani ɓangare rabon riba ne daga manyan kamfanoni. Amma da yawan waɗannan asusai suna sayen takardun bashi na gwamnati ko na kamfanoni, waɗanda ake biya da ƙari ƙayyadadde. Wannan kuɗin ruwa ne, ko da wane suna aka laƙaba masa. Allah Ya halatta ciniki, Ya haramta cin ƙarin bashi, kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 275. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta haramta saye da sayar da irin waɗannan takardu. Asusun da ke riƙe da su kada ki shige shi, domin kina da kaso a duk abin da ya mallaka.

Idan hannun jari ne zalla, a fitar da bankunan ruwa da kamfanonin giya da caca. Saɓanin malamai yana kan kamfanin da sana'arsa halal ce amma yana cin bashi da ruwa. A 1992 Majalisar ta ce asalinsa haramci ne. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, ta yi rangwame da sharaɗi: bashin ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin haram kada su wuce kashi 5 na kuɗin shigarsa, kuma a cire wannan kason a ba mabukata ba da niyyar lada ba. Ni na fi karkata ga wannan rangwame saboda buƙatar mutane, matuƙar ana tsarkakewar da gaske.

Ki nemi takardar bayanin asusun. In yana da kwamitin shari'a, kuma sukuk (takardun mallakar kaso a kadara ko aiki bisa tsarin shari'a) yake saye a madadin takardun bashi, ki shiga. Wallahu a'alam.