Filin Tambaya da Amsa: "Sun ce ba sa cajin ko sisi, to a ina suke cin nasu?"

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato dillalan hannun jari na intanet da yadda mutum zai gane mai araha a cikinsu. Na tsamo guda huɗu, ta farkon ita zata ci mana fili don sauran duk a jikinta suke rataye.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Ni ma'aikaci ne, ina ɗan ware abinda bai wuce dala 200 ba duk wata, inaso in fara sayen hannun jarin kamfanonin duniya irinsu Apple da Toyota da Nestlé. Na duba manhajoji sun kai biyar kowa cewa yake shi yafi araha, wasu ma sunce babu la'ada kwata-kwata. Ni dai kaina ya ɗaure, wanne zan ɗauka? Kuma in basa karɓar komai to me suke ci? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka ta ƙarshe ita tafi burgeni, don ruwa baya tsami banza, babu dillalin da zai ɗauki ma'aikata ya zuba kuɗi a na'urori sannan ya zauna yana maka aiki fisabilillahi. Shi kansa zancen "babu la'ada" ba wani daɗewa yayi ba. Kafin 1975 a Amurka la'ada ƙayyadaddiya ce, duk dillalin da kaje farashi ɗaya zaka tarar, a watan Mayun shekarar aka soke tsarin aka bar kowa ya yanka nasa. Daga nan aka ringa rige-rigen ragewa, aka kafa kamfanin dillanci na Robinhood a 2013 ya zo da saye kyauta ta waya, a Oktoban 2019 kuma babban kamfanin dillanci Charles Schwab ya mayar da tasa la'adar sifiri, cikin 'yan kwanaki sauran manyan suka bi sahu.

To ina suke ci? Wasu odar da ka bayar suke sayarwa, maimakon su kaita kasuwa kai tsaye sai su miƙa ta ga manyan kamfanonin da ke saye da sayarwa da kuɗinsu, irinsu Citadel Securities, su kuma su ɗan basu wani abu a kan kowace oda. Ba laifi bane a dokar Amurka, amma a Disambar 2020 hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jarin Amurka ta ci Robinhood tarar dala miliyan 65 saboda bai fito ya faɗa wa kwastomomi gaskiyar wannan hanya ba. Wasu kuma kuɗinka da ke kwance a asusu baka sayi komai da shi ba suke juyawa su ci ribar, wasu su bada aron hannun jarinka ga masu cacar cewa farashi zai faɗi. Duk wannan gaskiya ne, sai dai kai mai dala 200 ba nan ne zai maka ciwo sosai ba.

Inda zai maka ciwo canjin kuɗi ne. Kamfanonin nan uku da ka lissafa, ɗaya da dala ake sayensa, ɗaya asalin kasuwarsa Tokyo ce da kuɗin yen, ɗayan kuma a Suwizalan da faran ɗinsu, kaga duk inda ka juya sai an maka canji, kuma a nan dillali ke yankar rabonsa shiru-shiru ba tare da ya kira shi caji ba. Bari in baka misali da lissafi, alƙaluman nawa ne na ƙirƙira don ka gane, ba na wani kamfani bane. Dillali na farko baya karɓar la'ada amma yana cire kaso 1 cikin 100 wajen canji. Na biyu yana karɓar dala 1 la'ada, canjinsa kuma kusan farashin kasuwa ne amma sai ka biya aƙalla dala 2 duk sanda ka canza. A kan dala 200 na farko dala 2 zai ci, na biyu dala 3, kaga na farkon yafi maka sauƙi. Ranar da Allah ya buɗa maka ka zo da dala 5,000 fa? Na farko zai kwashe dala 50, na biyu yana nan a dala 3 ɗinsa. Kuma kar ka manta ranar da zaka sayar ka fita za'a sake maka canjin, lokacin kuma a kan kuɗin da suka riga suka hayayyafa za'a yanka. Shi yasa in mutum ya tambayeni wanne yafi araha nima sai na tambayeshi nawa zaka ringa sakawa kuma sau nawa a shekara, in babu wannan amsar duk abinda na faɗa shaci-faɗi ne.

Sai kuma kuɗin turawa, wanda mutane basa lissafawa sam don ba dillalin ke karɓa ba, banki ne. A ce tura kuɗi zuwa ƙetare zai ci maka dala 25, ka tura 200, tun baka sayi komai ba kaso 12.5 cikin 100 ya tafi, wallahi akwai shekarun da kasuwa gaba ɗayanta bata kawo wannan ribar. In ka tara na wata shida ka tura 1,200 lokaci ɗaya ya dawo kaso 2 da ɗan abu. Don haka shawarata gareka ka ringa tarawa, ba dole sai duk wata ba. Ka kuma buɗe takardar jerin cajinsu, tana nan can ƙasan shafi da ƙananan rubutu, ka nemi kuɗin cirewa, da kuɗin ajiyar hannun jari, da wanda suke cira in ka daɗe baka taɓa asusun ba. Wannan na ƙarshen ni kaina ya taɓa cina, na bar wasu 'yan kuɗi a wani wuri na manta da su kusan shekara biyu, da na leƙa na tarar ana ta tsakurarsu wata-wata, ba wanda zan kama don ni na danna "na amince" ban karanta ba.

Amma duk wannan lissafin araha na biyu ne, na farko lasisi, kar garin neman gira a rasa ido. Ka ɗauki cikakken sunan kamfanin ka je shafin hukumar da yace ita ta bashi izini ka duba da idonka, in na Amurka ne akwai shafin BrokerCheck na FINRA, ƙungiyar da ke sa ido kan dillalai a can, in na Birtaniya ne akwai rajistar FCA, hukumar kula da harkokin kuɗi ta can, kuma ka gwada adireshin intanet ɗin da ke rajistar da wanda kake ciki, don 'yan damfara suna kwafar suna da lambar lasisin kamfanin gaske su buɗe nasu shafin. In dillalin Amurka ne ɗan ƙungiyar SIPC mai kare kwastomomin dillalai, kuma ya durƙushe kayan mutane suka ɓata, ana biya har dala 500,000, a ciki 250,000 na tsabar kuɗi, kuma ba sai kana ɗan ƙasar ba. A Birtaniya tsarin diyya na FSCS na biyan har fam 85,000 a kan jari, a Tarayyar Turai mafi ƙarancin abinda doka ta sa yuro 20,000 ne. Wannan kariya ta faɗuwar dillali ce fa, in hannun jarinka ne ya faɗi babu mai biyanka. Kuma kar kace manya basa faɗuwa, dillalin Amurka MF Global ya rushe a Oktoban 2011 aka nemi kusan dala biliyan 1.6 na kwastomomi aka rasa, an dawo musu da kuɗinsu daga baya amma sai da suka yi shekaru suna jira. Wani abin lura, kamfani ɗaya zai iya samun rassa uku ko huɗu, ɗaya a Landan ɗaya a Saifurus ɗaya a wani tsibiri da dokarsa bata da haƙori, tallan zai nuna maka lasisin Landan amma yarjejeniyar da kasa wa hannu da reshen tsibirin ce, to duba sunan da ke saman yarjejeniyar.

Sunaye kuwa, waɗanda aka fi ambata a wannan fagen sun haɗa da Interactive Brokers, wanda ke kai mutum kasuwanni sama da 150 kuma ya cire cajin rashin amfani da asusu tun 2021, sai Saxo na ƙasar Denmark, da Schwab, da Trading 212 da Degiro waɗanda suka fi ƙarfi a Turai. Kowanne yana da jerin ƙasashen da yake karɓar mazaunansu, to kafin ka ɓata dare kana kwatanta caji fara duba ko ƙasar da kake zaune tana ciki. A ra'ayina, mai ɗan kuɗi irinka ya nemi wanda ke sayar da gutsuren hannun jari, yadda ko da dala 20 zaka samu yanki, kuma ya fi karkata ga ETF, wato kwando ɗaya da aka zuba ɗaruruwan kamfanoni a ciki, akan ya ringa bin kasuwannin Tokyo da Zurich ta Suwizalan ɗaya bayan ɗaya yana biyan canji sau uku.

TAMBAYA: Malam ni na riga na buɗe asusu har na sayi Tesla, amma duk dare sai naga an cire min wasu 'yan kuɗi, ga kuma wasu haruffa CFD a gefen sunan. Meye matsalar? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ƙanina, ba Tesla ka saya ba. CFD yarjejeniya ce tsakaninka da dillalin a kan farashi zai hau ko zai sauka, baka mallaki ko ƙwayar hannun jari ɗaya ba, kuma yawanci da rancen kuɗinsu aka buɗe maka cinikin, abinda kake gani ana cira duk dare kuɗin ruwan wannan rancen ne. A 2018 hukumar ESMA ta Tarayyar Turai ta fitar da cewa tsakanin kaso 74 zuwa 89 cikin 100 na ƙananan masu wannan harka asara suke tafkawa, shi yasa ta tilasta wa kamfanonin su ringa rubuta kason masu asararsu a jikin talla, je ka duba saman shafinsu zaka ganshi. In niyyarka ka saya ka ajiye shekaru ne, rufe wannan cinikin ka duba ko manhajar tana da ɓangaren hannun jari na gaske, wasu suna da duka biyun a wuri ɗaya kuma maɓallan kusa da juna suke, ban ce da gangan bane amma dai.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kamfanin Amurka da na sayi hannun jarinsa ya raba riba, lissafina dala 100 ne amma 70 na gani a asusu. Dillalin ne ya cuceni? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: A'a 'yar'uwa, wannan karon dillali bashi da laifi, harajin Amurka ne. Duk wanda ba ɗan ƙasar ba kuma ba mazaunin can ba ana cire masa kaso 30 cikin 100 daga ribar da kamfanonin Amurka ke rabawa, sai in ƙasar da yake zaune tana da yarjejeniyar haraji da su, nan yakan sauka, galibi zuwa 15, kuma da fom ɗin W-8BEN ake nema, wanda kika cike lokacin buɗe asusu wataƙila baki ma lura ba. Saboda wannan ne mutane da yawa da ke wajen Amurka suke sayen ETF masu rajista a ƙasar Ireland a kasuwar Landan, don shi kwandon kaso 15 ake cire masa a kan ribar kamfanonin Amurka, Ireland kuma bata sake cirar komai daga baƙo. Ga wani abu da ba'a cika faɗa ba: wanda ba ɗan Amurka ba kuma ba mazauninta ba, in ya rasu ya bar hannun jarin Amurka da ya haura dala 60,000, harajin gado na iya hawa kan abinda ya haura ɗin har zuwa kaso 40 cikin 100, kwandon Ireland kuwa baya shiga wannan lissafin. To kinga dillalin da baya kai ki kasuwar Landan, ko da kyauta yake miki komai, zai iya zame miki mai tsada.

TAMBAYA: Bambancin kaso 1 cikin 100 a shekara har wani abu ne da za'a tsaya ana dogon turanci a kai? Daga mai bibiyar filin nan.

AMSA: Ɗauko kalkuleta Malam. Dala 10,000 in tana ƙaruwa da kaso 7 duk shekara har shekara 30 zata kai wajen 76,000, in caji ya cinye kaso 1 ta koma 6 kuwa wajen 57,000 zata tsaya, kusan dala 19,000 kenan, ya kusa ninka uwar kuɗin da ka fara da su sau biyu. Bakwai ɗin misali ne ba alkawari ba. Akwai kwandunan S&P 500, wato masu bin manyan kamfanonin Amurka 500, da cajinsu na shekara bai kai kaso 0.1 ba, akwai kuma masu cin sama da 1, adadin yana rubuce a takardar bayanin kowane kwando, nan zaka fara dubawa kafin ka danna saya.