Kada yaro ya yi wa Hajiya tafinta

Yaya, kin ce ɗanki mai shekara 12 ya fi ku Larabci, ko zai yi wa Hajiya tafinta a asibiti nan Jidda? Ni dai ban goyi baya ba. Larabcin unguwa daban, na likita daban. Kuma ina Hajiya za ta ambaci ciwon mara a gaban jikanta? Kunya za ta sa ta ce "ciki ne" kawai. Gwaggona ma haka aka yi mata, yaro ya mai da "kafin abinci" ya zama "bayan abinci". Ki nemi babbar mace mai riƙe sirri, wadda ba ta ƙari ba ta ragi. In kotu ce, da Larabci ake shari'a, sai da tafinta. Kada a sa hannu kan takardar da ba a fassara ba.