Amsa ga Hajiya a kan furen fetuniya da ya ƙi tsira

Assalamu alaikum. Hajiya, kin ce kin shuka irin fetuniya a Garwa, arewacin Kamaru, cikin watan Afrilu, yawanci bai fito ba, 'yan ƙalilan da suka leƙo kuma suka kwanta suka mutu. Da wuya a ce laifin irin ne. Lokaci ne bai yi ba.

Bayanin da ke jikin fakiti don Turai aka rubuta shi. Fetuniya asalinta Kudancin Amurka ne, dangin tumatir da taba ce, kuma irinta ya fi son zafin digiri 21 zuwa 25 kafin ya tsira. Afrilun Garwa da Marwa kuwa ya kan haura 40. A wajenmu shukar hunturu ce: ki zuba iri ƙarshen Oktoba ko Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, ki ga fure cikin mako 10 zuwa 12. Mutanen Ngaundere na da ɗan sauƙi saboda sanyin tudu, sai dai ruwan damina kan farfasa masu manyan furanni.

Abu na biyu, ina kyautata zaton kin binne irin. Ƙanana ne ƙwarai, kamar ƙura, kuma sai sun ga haske suke tsira. Ki tankaɗe ƙasa ki zuba a baho mai huji, ki jiƙa ta tukuna. Ki cuɗa irin da busasshen yashi cokali ɗaya, ki barbaɗa a sama, ki danna da tafin hannu kawai. Ki rufe da farar leda, ki ajiye inda haske yake amma rana ba ta bugawa. Kada ki kwara ruwa da buta, zai kwashe su gefe guda. Ki tsoma gindin bahon cikin ruwa ƙasar ta sha daga ƙasa. Kwana 7 zuwa 10 za ki ga tsiro, nan take ki cire ledar. In ta daɗe, laima ce ke ruɓar da gindinsu su kwanta.

Da sun yi ganye huɗu sai dashe, da yamma, tazarar santimita 25 zuwa 30. Haɗin ƙasa: kashi biyu ƙasar lambu, ɗaya yashin kogi, ɗaya ruɓaɓɓen kashin shanu. Baƙar laka mai riƙe ruwa ba ta yi. Suna buƙatar rana awa shida, ta safe ta fi.

In sun kai santimita 15 ki tsinke kansu. Na san da ciwo, amma shi ke sa su yi rassa. Furen da ya yanƙwane kuma ki cire shi har da koren gindinsa, don in kin bar shi ta koma yin iri ta daina fure.

Taki: ƙaramin cokali ɗaya na NPK a lita biyar na ruwa, duk mako biyu. Yuriya ganye kawai za ta ba ki. Toka kuwa kada ta kusance su. In sabon ganye ya yi rawaya, jijiyoyinsa na nan kore, sinadarin ƙarfe ne ya yi ƙaranci, kuma toka da ruwan rijiya mai kanwa su ke jawo haka.

In ƙwarin darɓa ko farin ƙuda sun kama su, ki fesa man dogon yaro mililita 5 a lita ɗaya da ɗan sabulu, bayan la'asar, har ƙarƙashin ganye. Mai shan taba kuma ya wanke hannu kafin ya taɓa su, cutar ganyen taba na kama fetuniya, kuma ba ta da magani sai tumɓukewa.